Shugaban Tashar Katako

Babanmu mai tuta ne a reluwe, kuma da sunan nan gari ya san shi har ya bar duniya: Mai Tuta. Wurin aikinsa shi ne inda titin mota ya ratsa layin dogo. In jirgi ya taho sai ya sauke doguwar sanda ya tare hanya, ya tsaya ƙyam da koren ƙyalle a hannu har taragon ƙarshe ya wuce, sannan ya ɗaga sandar ya sallami jama'a. Iyakar aikin ke nan. Amma yadda Baba ya ɗauke shi, sai ka rantse in ya yi atishawa jiragen ƙasar nan duk kifewa za su yi. Rigarsa kullum a goge, maɓallanta suna walƙiya, dokokin reluwe kuwa ya haddace su tun daga na gaisuwa har na tofar da yawu. Ya taɓa tsare motar ɗaukar gawa a bayan sanda saboda jirgin da ko tashar baya bai baro ba. Da masu rakiya suka fara ƙorafi, sai ya ce musu mamacin dai bai ce yana sauri ba.

Ni ce 'yarsa ta fari, kuma ba zan ɓoye ba, mutum ne mai wuyar zama. Ina ƙaunarsa har raina, amma akwai ranakun da nake cewa da ma a ba mu aron wani uban na ɗan kwana biyu mu huta.

Garinmu ba don jirgi ba da babu shi. Layuka huɗu ne suka haɗu a tsakiyarsa. Duk abin da zai tashi daga gabas zuwa yamma, ko daga kudu zuwa arewa, sai ya biyo ta kanmu, ya tsaya, kan jirgi ya sha ruwa ya ɗauki kwal, a sauya masa layi. Kafin yaƙi ba mu ɗauki wannan abin alfahari ba, hayaƙi ne kawai da ƙara da wankin da ba ya taɓa yin fari. Da yaƙi ya ɓarke sai muka wayi gari mun zama maƙogwaron ƙasa. Sojoji, bindigogi, hatsi, magani, masu rauni da ake dawowa da su, duk ta nan suke bi. Wanda ya shaƙe mu ya gama yaƙin. Mun san haka, abokan gaba ma sun sani, kuma su suna da jiragen sama.

Gidanmu yana cikin kwatas ɗin ma'aikata, bangonsa na baya shi ne bangon filin kwal. A lokacin na dawo gida da jaririyata, saboda mijina mai zuba kwal ne a kan jirgi, an tafi da shi jigilar sojoji ba ranar dawowa. Ɗakin da nake kwana da ita shi ne mai jingine da bangon nan. Maƙwabta suka fara maganar ƙaura, Inna ta ce a ƙaura zuwa ina, garin duk bakin layi ne, in ka guje wa wannan ka faɗa wancan.

Baba yana da ciwo ɗaya a rayuwa, shi ne tashar garinmu da shugabanta. Shugaban Tasha ƙato ne mai tumbi da sanyin murya, wanda bai taɓa ɓata wa kowa rai ba domin bai taɓa hana kowa komai ba. A ƙarƙashinsa taragogi sun tsufa a inda aka ajiye su har ciyawa ta fito a cikinsu. Mata suna shanya a kan wayar sigina. Awaki suna kwana a ɗakin jira, fasinjoji suna kwana a kan dandamali da tukwanensu, wasu har an haifa musu yara suna jiran jirgi. Agogon tasha ya tsaya tun ina yarinya. Kowace yamma, da an ajiye abinci, Baba zai wanke hannu ya ce, “Da ni ne shugaban tashar nan...” Mu kuwa sai mu sunkuyar da kai mu ci da sauri, don mun san abincin zai huce kafin a kai ga gyaran ɗakin jira.

Ana cikin haka aka turo wani Kyaftin, saurayi siriri mai tabarau, da wata dabara. Akwai tudu a bayan gari, a bayan tudun kuma akwai fili fetal da ko makiyaya ba sa so. Ya ce a nan za a gina tashar ƙarya, ta katako da kwali, girmanta kamar ta gaskiya, domin in jiragen abokan gaba sun zo su sauke mata bam su bar tamu. Yana bukatar ma'aikacin reluwe guda ya riƙe ta don ta yi kama da mai rai. Shugaban Tasha bai ko yi tunani ba. Ya daɗe yana neman inda zai kai Baba, sai ga Allah ya kawo fili.

A tsakar gidanmu Kyaftin ya yi wa Baba bayani, ina shanya ina ji.

“Baba, ina so ka gane. Aikinka ɗaya ne, ka sa a jefa maka bam.”

“Na gane, ranka ya daɗe. Muƙamin dai shugaban tasha ne?”

“To, a sunance.”

“Da hula?”

Kyaftin ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce za a nemo hula.

Da ya fita Inna ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. “Malam, barka. An ƙara maka girma zuwa lahira.”

“Ke ba ki san aikin gwamnati ba,” in ji Baba. Ranar bai ci abinci sosai ba, murna ta cika masa ciki.

Ni nake kai masa abincin rana, da jaririya a bayana, saboda haka a idona aka gina tashar. Wani Kafinta ne da 'yan leburori suka yi aikin. Layin dogo na gora ne aka shafa masa baƙin fenti. Taragogi na kwali ne a kan ƙafafun amalanke. Kan jirgin tsofaffin gangunan mai ne aka jera, ana ƙona taya a ciki ya yi hayaƙi, jakuna biyu a ƙarƙashin rufin buhu suna jan sa. Tankin ruwa ƙaton kwando ne da aka lulluɓe da kwano. Fasinjoji kuwa mutum-mutumi ne na ciyawa, an sa musu tsofaffin kaya. A gefe aka haƙa rami mai zurfi, wanda kowa zai faɗa in an ji ƙugin jirgin sama.

Kyaftin yana so ne kawai a ga motsi daga sama. Bai san wanda aka ba shi ba. Kafin a ce me, Baba ya sa an shafe duwatsun bakin layi da farar ƙasa. Ana sharar dandamali safe da yamma. Ya ɗauko agogon bangon ɗakin Inna ya rataya a gaban ofis, kuma jirgin jakunan nan yana tashi daidai kan lokaci, ya je ƙarshen fili, ya juyo, ya iso daidai kan lokaci. Fasinjojin ciyawa ya jera su a layi, manya a gaba, kowa da kayansa a gefen dama. Ya sa Kafinta ya yanka musu tikiti na kwali ya soke wa kowa a aljihu, domin doka ta hana hawa dandamali ba tikiti. Wata rana na tarar yana yi wa guda faɗa, iska ta kayar da shi ya tsallake farin layi.

Kafinta ya ja ni gefe. “Don Allah ki yi wa tsohon nan magana. Jiya har jaki ya yanka wa tarar kuɗi.”

Ban yi masa magana ba. Tun da nake ban taɓa ganin Baba cikin jin daɗi irin na lokacin ba. Kumatunsa suka ciko. Ya daina dogon bayani a kan abinci, har waƙa na ji yana yi a banɗaki. Jaririyata ya sa mata suna Ƙaramar Fasinja, in na iso ya karɓe ta ya zagaya da ita yana nuna mata ofis da sigina, yana gaya mata wannan ita ce tasha yadda Allah ya so a yi ta.

Wani ɗan ƙaramin jirgin sama na abokan gaba, mai leƙen asiri, ya fara zuwa da rana tsaka. Da an ji shi kowa sai rami, ban da Baba. Shi dai a wurinsa jirgi jirgi ne, ko na ƙasa ko na sama, in yana wucewa shugaban tasha a tsaye yake. Sai ya gyara hula, ya fito tsakiyar dandamali, ya ɗaga tuta. Jirgin ya zagaya, ya zagaya, ya tafi. Wata rana har ya karkata fiffike kamar mai gaisuwa. Baba ya ce, “Kun gani? Ko maƙiyi ya san aiki in ya gan shi.”

Bam na farko da safe ya sauka, kuma ba a tashar Baba ba. A ƙarshen filin kwal ya faɗi. Ina tsakar gida da yarinya a bayana sai na ji ƙasa ta ɗaga ni ta ajiye. Da ƙura ta lafa na shiga ɗaki na tarar bangon baya ya tsage daga sama har ƙasa, wani gutsuren ƙarfe ya huda katifar da na ɗauke ta daga kai ban daɗe ba. Wani mai sayar da ruwa da ke wucewa ta bayan bango ya mutu nan take. Baba ya shigo a guje, hula a hannu. Ya dubi katifar, ya je ya zura hannu cikin tsagewar bangon har gwiwar hannu, ya zaro, ya tsaya yana kallon hannun. Wannan kallon ya fi bam ɗin tsorata ni.

Kyaftin ya ce wannan ɗanɗano ne, auna wuri suka zo yi, za su dawo da yawa. Ya ce bai san abin da ya sa ba su yarda da tashar katako ba, ya zagaye ta bai ga aibu ko ɗaya ba.

Washegari bayan na kai abinci, Baba ya ce zai taka mini. Maimakon mu bi ta gindin tudu sai ya hau, na bi shi ina haki. Daga can sama ana ganin tashoshin biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Ta gari baƙa ƙirin, taragogi a warwatse, hayaƙi ta ko'ina, shanya tana kaɗawa, mutane da dabbobi a cakuɗe. Ta Baba fara fat, komai a miƙe, jirgin jakuna yana shiga a natse.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Uwata, tsakaninki da Allah, wacce ce tasha a cikinsu?”

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Amma yarinyar tana numfashi a bayan wuyana. Na ce, “Baba, waccan ce tasha. Taka hoton kalanda ce.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Muka sauko ta ɓangaren gari, na ga ya nufi tasha gadan-gadan. Na bi shi, don tsoro nake kada ya je ya shaƙe wani.

Mun tarar da Shugaban Tasha a ofis, ƙafafu a kan tebur, jarida a kan fuska. Akwai kaza kwance a cikin durowar da ta ƙi rufuwa. Baba ya cire hula ya rusuna, abin da bai taɓa yi wa mutumin nan ba.

“Ranka ya daɗe, karatu na zo ɗauka.”

Jaridar ta zame. “Mai Tuta? Karatun me?”

“Yadda ake lalata tasha.”

Shugaban Tasha ya sauke ƙafafu, fuska ta haɗe. Ya ce in zagi ne ya kawo shi, ga ƙofa. Baba ya rantse ba zagi ba ne. Ya yi masa bayanin abin da muka gani daga kan tudu, ya ce duk ƙasar nan bai san wanda ya kai shi ƙwarewa a wannan fanni ba, kuma rayukan jama'a suna hannunsa. Ina kallo fuskar mutumin ta fara sakewa, ƙirjinsa ya fara tasowa. Ina jin tun da ya kama aiki ba a taɓa zuwa neman iliminsa ba.

“To, zauna,” in ji shi. “Mutane suna gani kamar haka kawai ta lalace da kanta. Shekaru na yi ina wannan aiki. Abu na farko, ba a lalata tasha da hannu. Duk abin da aka kawo maka, ka ce a ajiye a nan tukuna. Duk abin da ya karye, ka ce a bar shi tukuna. Duk wanda ya tambaye ka jirgi, ka ce yana hanya. In ka riƙe waɗannan, sauran Allah zai yi.”

Baba ya ce ai ba mu da shekaru. Shugaban Tasha ya yi ajiyar zuciya ya ce to dole ya zo da kansa, ko da yake ba ya son fita da rana.

Kafin ya zo Baba ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya sa an kwaso shara daga gari a amalanke, ya zuba a dandamali da hannunsa yana kawar da kai. Da malamin nasa ya iso a kan jaki, ya sauka, ya dubi aikin, sai ya riƙe baki.

“Mai Tuta, wannan shara ce ko fareti?”

Gaskiyarsa. Baba ya ajiye sharar tsibi-tsibi, tazarar kowane tsibi daidai da na kusa da shi, gwangwani a gefe, tsumma a gefe. Shugaban Tasha ya sa ƙafa ya yi fatali da su. Ya bi fasinjojin ciyawa yana turewa, wannan a kwance, wancan a kife, wani kansa cikin kwando. Ya sa aka tura taragogi uku suka toshe mahaɗar layi, aka cire wa guda ƙafa. Aka shafe fararen duwatsu da toka. Inna ta ba da tsofaffin zannuwa aka shanya a wayar sigina, tana cewa ba ta taɓa tsammanin tsummanta zai shiga soja ba. Da aka zo kan agogo, Baba ya ce a bar masa wannan, shi zai yi. Ya hau kujera ya tsayar da shi, ya sauko kamar wanda ya rufe wa ɗan'uwansa ido.

Jinkirin jirgi ne ya fi ba shi wuya. Lokacin tashi zai yi, jakuna a shirye, Baba a tsaye da usur a baki, zufa tana karyo masa, Shugaban Tasha yana riƙe da hannunsa yana cewa, “Tukuna. Tukuna. Ja numfashi.” Ran farko Baba ya ɗan jure sannan ya ƙwace ya busa. A hankali ya koyi jurewa har rana ta karkata. Daga ƙarshe jirgin ya daina tashi gaba ɗaya, sai dai hayaƙi. Jakuna suka yi ƙiba, Baba ya rame. Kumatun nan suka koma, rigar ta yi masa yawa. Yana dawowa gida ya wanke hannu ya sake wankewa. Na ji tausayinsa ƙwarai, kuma duk da haka kullum addu'ata ita ce Allah ya ƙara lalata masa tashar.

Ɗan jirgin leƙen asiri ya dawo. Wannan karon ya sauko ƙasa-ƙasa, ya daɗe yana zagaye, ya tafi ya sake dawowa kamar mai taya kaya a kasuwa. Amma bai turo kowa ba.

Sai abin ya ƙara muni. Gada ta karye a layin gabas, jiragen harsashi da ke kan hanyar zuwa fagen daga suka maƙale a garinmu. Ba wurin ajiye su sai filin kwal. Ta tsagewar bangon ɗakina ina iya karanta jan rubutun da ke jikin taragon farko. Kyaftin ya ce in bam ɗaya ya taɓa su, ba kwatas kaɗai ba, garin ma sai dai a ba da labarinsa. Ya ce kuma abokan gaba ba za su daɗe ba su sani ba.

Shugaban Tasha ya sake hawa jaki. Ya zagaya tashar katako hannu a baya, yana duba aikin ɗalibinsa. Ya yaba da ƙudaje. Ya yaba da wata akuya da ta zo da kanta ta tare a ofis. Sannan ya tsaya a gaban Baba ya dube shi daga hula har takalmi.

“Komai ya yi. Saura abu ɗaya.”

“Mene ne, ranka ya daɗe? Yanzu a gyara, wato a ɓata.”

“Kai ne.”

Baba ya dubi rigarsa, Shugaban Tasha ya ci gaba.

“Wace tasha ka taɓa gani da shugabanta tsaye a dandamali da rana tsaka, riga a goge, tuta a sama? Mutumin can na sama ba wawa ba ne. Yana ganin komai ya yi daidai, sai ya hango ka, ya ce a'a, da sake. Je ka gida ka kwanta.”

Baba ya ce doka ta hana shugaban tasha barin tasha a lokacin aiki. Ya ce zai shiga rami tare da kowa. Aka gwada washegari. Da ƙugin ɗan jirgin ya matso, Kafinta da leburori biyu suka danne shi, amma ya zame musu ta ƙasa, sai ga shi a dandamali da tuta, shi kansa bai san lokacin da ya fito ba. Jirgin ya karkata fiffike ya tafi.

Da Baba ya dawo da yamma ya shiga ɗakina, ya tsaya a gaban bangon, ya sa ido a tsagewar yana kallon taragogin. Yarinyar tana barci a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya juyo ya ce mini, “Gobe kada ki kawo abinci. A gida zan ci.”

Ya je da safe kamar kullum. Ya sallami Kafinta da leburori, ya kwance jakuna, ya cinna wa tayoyi wuta. Da hantsi ya yi sai ya kamo hanyar gida. Waɗanda suka gan shi sun ce ta lungu ya riƙa bi yana rufe fuska da hula kamar wanda ya yi sata. Duk wanda ya ci karo da shi sai ya tambaya ko rasuwa aka yi, domin ba a taɓa ganin Mai Tuta a titi a irin wannan lokaci ba. Inna ma ta rasa inda za ta ajiye shi. Ta ba shi kujera a inuwa ya ce zafi, ta mayar rana ya ce sanyi. Ya cire rigar aiki ya zauna da singileti, hannuwansa suna ta neman abin riƙewa. Sai na kwance yarinyar na ɗora masa.

Rana tana tsaka muka ji su. Wannan ba ƙugin ɗan jirgin nan ba ne, wani abu ne mai nauyi da ya fara daga ƙasa, kwanuka suka fara kaɗawa a kicin. Babu inda za mu gudu. Inna ta durƙusa a bakin murhu tana salati. Na ɗaga kai na gan su sun taho a jere, sun rufe sama, kuma kanmu suka nufo. Inuwarsu ta ratsa tsakar gidanmu ɗaya bayan ɗaya, ta bi ta kan Baba, ta haura bangon baya, ta bi ta kan taragogin harsashi. Na rufe ido ina jira. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, na dai ji ƙugin ya fara nisa.

Sai ƙasa ta girgiza daga bayan tudu.

Suka yi ta saukewa. Hayaƙi ya tashi baƙi, da gutsattsarin kwali suna yawo a sama. Gari ya yi tsit, sannan ihu ya ɓarke ta ko'ina, mutane suka fito titi suna rungumar juna, wani yana buga garwa, direbobi suna ta busa jiniyar kan jirgi. Inna tana kuka tana dariya. Ni kuwa na zauna a ƙasa inda nake.

Baba bai motsa daga kujera ba. Ya karkata kunne wajen tudu, duk ƙarar da ta tashi sai ya faɗi sunanta a hankali. “Tankin ruwa ke nan. Wannan sigina ce. Ɗakin jira.” Da wata babba ta tashi ya ce, “Ofis.” Hawaye suna bin fuskarsa suna ɗiga a kan yarinyar, ita kuwa ta kama igiyar singiletinsa tana tsotsa.

Aka banko ƙofa. Shugaban Tasha ne, a guje, abin da ba wanda ya taɓa gani a tarihin reluwe. Ya tsaya yana haki, ya buɗe hannuwa.

“Abokin aiki! Sun yarda! Ko tsinke ba su bari ba! Na rantse ka iya, har ka fi ni!”

Na ga maganar ta shige Baba har ƙashi. Da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Amma ya miƙe, ya rusuna, ya ce, “Na gode, ranka ya daɗe. Koyarwarka ce.”

Shugaban Tasha ya fita ya bi sahun masu murna. Baba ya tsaya a tsakiyar gida da singileti, yarinya a ƙirji, toka tana sauka a hankali a kan shanyar Inna. Ya sa babban yatsa ya share wa yarinyar goshi inda ya jiƙa mata. Sannan ya sunkuyo ya miƙo mini ita da hannu biyu.

“Riƙe ta da kyau, Uwata,” in ji shi. “Ta yi mini tsada.”